Zomon Na Allah Ne, To Gonar Fa Ta Wa Ce?

 

Duk shekara da zarar an gama kaɗe amfanin gona, sanyi ya shigo, ciyawa ta bushe, sai ka fara ganin motocin mafarauta shaƙe da mutane da karnuka suna fita bayan gari. Kuma duk shekara a daidai wannan lokaci ake samun irin rigimar nan: mai rogo ya wayi gari an tone masa kunya biyar ana neman gafiya, mai lambu ya tarar an karya masa shinge, wani kuma karan dawar da ya tara wa shanunsa ya zama toka. Idan aka tare mafaraucin, amsarsa guda ce, kuma yana faɗinta da iya gaskiyarsa: naman daji ai na Allah ne, ba wanda ya shuka shi, ba wanda ya ba shi dusa.

Wannan magana tana da tushe, kada mu yi saurin watsar da ita. Farauta halal ce da nassin Alƙur'ani. A Suratul Ma'ida aya ta 2 an halatta ta ga wanda ya fita daga harami, a aya ta 4 kuma an halatta abin da karnuka da tsuntsayen da aka horar suka kamo. Adiyyu ɗan Hatim da Abu Sa'alaba Al-Khushani, Allah Ya yarda da su, sun yi wa Annabi (SAW) tambayoyi filla-filla kan kare da kibiya, ya amsa musu, bai ce su bar sana'ar ba. Karen farauta ma yana cikin karnukan da aka keɓe daga hanin ajiye kare. A wajen malaman fiƙihu naman daji yana cikin abubuwan da ake kira mubahat, wato dukiyar da ba ta da mai ita tukuna, wanda ya riga kai hannu shi ya mallaka. Don haka idan mafarauci ya ce zomon da ke kwance a gonar Malam wane ba na Malam wane ba ne, a mafi yawan surori ya faɗi daidai.

Matsalar tana wajen abin da ya gina a kan wannan daidai ɗin. Ya ɗauka tunda zomon ba shi da mai shi, hanyar kai wa ga zomon ma ba ta da mai ita. Alhali tambayoyi biyu ne ya cakuɗa. Ta farko, wa ya mallaki dabbar? Ta biyu, wa yake da ikon cewa a shiga wurin nan ko kada a shiga? Amsar ta farko ba ta amsa ta biyu. Ruwan sama ma ba wanda ya ƙirƙire shi, amma idan ya taru a randar da ke tsakar gidana ba ka da damar tsallako katanga da bokiti.

Malamai da yawa daga Shafi'iyya da Hambaliyya sun raba waɗannan tambayoyi a fili. Suka ce idan tsuntsu ya yi sheƙa a ƙasar mutum, ko barewa ta maƙale a cikin taɓon gonarsa, bai mallake ta da wannan kaɗai ba, sai dai ya fi kowa cancanta da ita. Idan wani ya kutsa ya ɗauke, naman ya zama nasa, amma shigar da ya yi ba izini ƙetare iyaka ce. Ka ga ke nan mutum zai iya dawowa gida da nama mai tsarki, ya yi bismilla wajen sakin kare, ya cika duk sharuɗɗan yanka, amma zunubin taka haƙƙin wani yana wuyansa. Mutanenmu sun fi tambayar malami ko naman ya halatta. Da wuya ka ji wanda ya tambayi ko takun da ya kai shi ga naman ya halatta.

A mazhabarmu ta Malikiyya, Shehu Khalil a Mukhtasar ya kawo mas'alar da take kusa da wannan ƙwarai. Mafarauci ya koro dabba ta faɗa gidan wani, ta wa ce? Idan shi ne ya tilasta ta har ta shiga, tasa ce, domin wahalarsa ce ta kama ta. Idan kuma ba korarsa ce ta kai ta can ba, ta kuɓuce masa ta shiga da kanta, to ta mai gida ce. Abin lura shi ne duk wannan bayani kan mallakar dabbar yake. Ko a surar da aka ce tasa ce, ba a ce ya banka ƙofa ya faɗa kan iyalin mutane ba. Ƙa'idar shiga gida tana nan yadda Suratun Nur ta shimfiɗa a aya ta 27 da ta 28: a nemi izini, a yi sallama, in an ce a koma a koma. Sallama zai yi ya ce kayana ya shigo, mai gida kuma ya miƙo masa ko ya bar shi ya ɗauka.

Wani zai ce ai gona ba gida ba ce. Gaskiya ne, hukuncinsu ba ɗaya ba ne ta kowace fuska, domin a gida akwai tsiraici da sirri, a gona kuwa galibi babu. Amma akwai ƙissar Samura ɗan Jundub da Abu Dawud ya ruwaito, duk da cewa malaman hadisi sun yi magana kan yankewar isnadinta. Samura yana da dabino a cikin lambun wani Ba'ansare, yakan shiga wajen dabinonsa, shigar tana damun mai lambun da iyalinsa. Annabi (SAW) ya nemi ya sayar, ya ƙi, ya nemi a yi masa musaya, ya ƙi, ya kwaɗaitar da shi lada, ya ƙi, daga ƙarshe ya bayyana shi a matsayin mai cutarwa ya ba da umarnin a cire dabinon. Wannan fa mutum ne da bishiyar mallakinsa ce. To ina ga wanda ba shi da komai a gonar sai fatan ko zai tarar da kurege?

Asalin da ya tattara wannan duka shi ne dukiyar mutum ba ta halatta sai da yardar ransa. Suratun Nisa'i aya ta 29 ta ɗora halaccin cin dukiyar juna a kan yarjejeniya, kuma a Bukhari da Muslim an ruwaito daga Ibn Umar hanin tatsar dabbar wani ba da izininsa ba. Nonon da za a tatsa zai dawo gobe, dabbar ba ta ragu ba, amma aka hana. Na kawo wannan ne saboda masu cewa "ai ban ɓata komai ba." Amfani da ƙasar mutum shi kansa haƙƙi ne, ko da ba a karya ko kara ɗaya ba.

Sai dai idan na tsaya a nan na zalunci mafarauta, kuma na jahilci yadda ƙasarmu take. Izini a shari'a ba sai da baki ba. Akwai izinin da al'ada take bayarwa, malamai suna ce masa iznin urfi, kuma yana da ƙarfin izinin da aka furta. A karkarar ƙasar Hausa tun kaka da kakanni, idan aka kwashe gero da dawa aka roro wake, gona takan zama a sake. Makiyayi ya ratsa, mai kala ta tsinci abin da ya zuba, yaro ya bi zomo da karensa, ba wanda yake ɗaukar wannan laifi. Mai gonar da kansa zai yi dariya idan ka je har gida neman izinin ratsa fakon gonarsa a watan Janairu. A irin wannan wuri, a irin wannan lokaci, mafarauci ba shi da laifi in ya shiga, kuma wanda ya ce masa ɓarawo ya yi masa ƙazafi. Hadisin da Abu Dawud ya ruwaito na tarayyar Musulmi a cikin ruwa da ciyawa da wuta yana ƙarfafa wannan ruhi na sassauci a abin da ba gumin kowa ne ya samar da shi ba.

To amma izinin al'ada dogaro yake da abu guda: rinjayen zato cewa mai wurin ya yarda. Duk lokacin da wannan zato ya faɗi, izinin ya faɗi tare da shi. Mutum ya kewaye gonarsa da waya ko darni ko shingen ƙaya, ya riga ya yi magana. Mutum ya bar rogo a ƙasa, ko ya yi noman rani na albasa da tumatir da alkama a fadama, ko ya dasa mangwaro da gwaiba 'yan ƙanana, ba mai hankalin da zai ce wannan ya yarda karnuka talatin su bi ta ciki. Kuma al'adar da ake kafa hujja da ita ta ginu ne a zamanin da ƙasa take da yalwa, kara da harawa ba su zama kuɗi ba. Yau karan dawa ana sayar da shi dami-dami, harawar wake da ta gyaɗa wani manomin da ita yake biyan kuɗin makarantar 'ya'yansa. Abin da kakanninmu suka yafe saboda ba shi da daraja a lokacinsu, ba dole ne jikokinsu su yafe shi ba bayan ya zama jari. Hukuncin da aka gina kan al'ada yana juyawa idan al'adar ta juya, wannan sananniyar ƙa'ida ce, Al-Ƙarafi ya yi dogon bayani a kanta.

Sannan al'adar ta san mutum ɗaya ko biyu 'yan gari, waɗanda idan sun yi ɓarna an san ƙofar gidansu. Ba ta san mota biyu cike da baƙi daga wata jiha ba. Shi ya sa ma a tsarin gargajiya babbar farauta ba a fita haka kawai. Akwai Sarkin Baka ko Sarkin Dawa, ana sa rana, ana sanar da dagatai da masu unguwannin da za a ratsa ƙasarsu. Wannan neman izini ne a harshen mutanen da. Matasan da suka bar wannan tsari suna cewa gargajiya suke bi, rabin gargajiyar suka ɗauka, rabin da ya yi musu daɗi.

Ba mu kaɗai ne muka yi wannan rabe-rabe ba. A ƙasar Suwidin doka ta bai wa kowa damar ratsa dajin wani ya tsinci 'ya'yan itace, amma farauta ba ta cikin wannan dama, tana hannun mai ƙasar. A wasu jihohin Amurka, kamar Ohayo, sai mafarauci ya riƙe izini a rubuce daga mai filin. A nan gida kuma dokar Final Kod da ake aiki da ita a Arewa ta sanya kutse cikin mallakar wani da nufin aikata laifi ko tsoratarwa ko muzgunawa a cikin laifuffuka. Masu cewa ai Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta mayar da ƙasa duka hannun gwamna, saboda haka ba mai gona, su sake dubawa. Dokar ta bar wa mutane haƙƙin riƙo da amfani, kuma wannan haƙƙin shi ne ake takawa idan an kutsa.

Yanzu bari mu zo kan wurin da na fi jin tsoro, wato izinin da aka nema kuma aka bayar, amma a wajen Allah bai zama izini ba. Ka ƙaddara dattijo yana zaune a bakin garkarsa, sai ga samari arba'in da gora da adda da barandami, karnuka suna haki, ana kiɗa. Babbansu ya ce, "Baba, za mu ɗan duba ciki." Me kake so ya ce? Zai ce ku shiga, Allah Ya ba da sa'a. Bakinsa ya yarda, zuciyarsa tana lissafin kunyoyin da za a tattake. Imam Al-Gazali a Ihya ya tattauna irin wannan a babin roƙo, inda ya nuna abin da aka karɓa daga mutum ta hanyar kunyata shi a gaban jama'a, alhali da shi kaɗai ne ba zai bayar ba, bai halatta ga mai karɓa ba. In kunya kaɗai tana ɓata yarda, tsoro ya fi ta ɓatawa. Wanda yake son izini na gaskiya ya je tun kafin ranar, shi kaɗai ko su biyu, hannu ba makami, ya yi tambayar ta yadda "a'a" za ta yi sauƙin fita daga bakin mai gona. In ya ce a'a kuma ba sai ya kawo dalili ba. Wataƙila yana da dalilin da ba ya son faɗa, wataƙila bara an yi masa ɓarna, wataƙila ma ba shi da dalili. Gonarsa ce.

Wa ake tambaya kuma? Wanda amfanin wurin yake hannunsa a lokacin. Idan gona tana hannun mai haya ko mai aro kuma shukarsa ce a ciki, izinin mai asalin gonar da ke zaune a birni bai isar ba. Mai gadi yana iya bayarwa ne gwargwadon abin da ubangidansa ya ba shi, kuma naira dubu da aka cusa masa a aljihu ba ta ƙara masa iko. Gonar gado da ba a raba ba, babban wa ba shi kaɗai ke da ita ba. In akwai marayu a cikin magada lamarin ya ƙara nauyi, domin waliyyinsu ma ba shi da ikon yafe abin da zai rage musu dukiya.

Izinin kuma yana da faɗi da tsawo. An ba ka kai, ba a ba abokanka ba. An ba ka yau, ba a ba ka har abada ba. An ce ka ɗana tarko a gefen rafi, ba a ce ka tone gindin rogo ba. Kuma ba wani izini da yake ɗauke da cinna wuta. Wannan ɗabi'a ta kunna wa daji wuta don a fito da ɓera da gafiya ban san ta inda za a halatta ta ba. Annabi (SAW) ya ga an ƙone gidan tururuwa ya yi inkari, ya nuna azabtarwa da wuta ta Ubangijin wuta ce. Ban da wannan ga ɓarnar dukiya, ga abincin dabbobi da yake ƙonewa, wani lokaci har rumbu da bukka. Gafiyar da ba ta kai kuɗin mudu biyu na masara ba, a ƙone mata abincin shanun shekara. Wanda ya kunna wuta a lokacin hunturu da iska take kaɗawa, ta tsallaka ta cinye kayan wani, biya ya hau kansa, kuma "ban yi nufi ba" tana iya ɗauke zunubin ganganci amma ba ta ɗauke biya.

Haka abin da kare ya ɓata. Mai kare shi ya kai shi wurin, shi ya sake shi. A Muwaɗɗa akwai hukuncin taguwar Barra'u ɗan Azib da ta shiga lambun wani ta yi ɓarna, aka ɗora tsaron lambu da rana kan masu lambu, ɓarnar dare kuma kan masu dabbobi. Wannan kan dabbar da ta fita kiwo ita kaɗai ne. Wadda mai ita yake tare da ita yana kora, yana tunzurawa, malamai suna ɗora masa abin da ta ɓata, dare ne ko rana. In karenka ya kama akuyar mutane ko kazarsu, ka nemi mai ita. Zabi su ne suka fi shiga wannan tarko, domin zabon gida yana nisa da gida, yana ƙwai a cikin ciyawa, kamarsa ɗaya da na daji. Khalil ya ambaci cewa dabbar da ta saba da mutane ba ta koma ta daji ba, tana nan a mallakar mai ita ko da ta fita. Garken zabi a bayan ƙauye, da ba sa tashi idan sun ga mutum, kai ma ka san na wata baiwar Allah ne da take jiran ta sayar ta yi wa 'yarta kayan ɗaki.

Masu gonaki kuma akwai magana a kanku. Samun iko da abu daban ne da kyautata amfani da ikon. Da yawan masu farauta talakawa ne, naman nan shi ne miyan gidansu ko kuɗin cefanensu. Ibn Abi Zaid a Risala ya bambanta farautar wasa, wadda ya ce makaruhi ce, da wadda ba ta wasa ba, wadda ya ce halal ce, malaman mazhaba ma sun ce takan kai mustahabbi idan don yalwata wa iyali ne. Mutumin da ya zo da ladabi, gonarka fako ce ba abin da zai lalace, hana shi haƙƙinka ne amma rowa ce. Kuma manomi ya fi kowa sanin abin da birai da gafiya da aladen daji suke yi wa masara da gyaɗa. Sau da yawa mafarauci taimakonka ya zo yi, har ma ya san ya miƙo maka cinya in ya samu, kamar yadda dattawan maharba suke yi.

Akwai kuma wanda shingensa ne kansa abin tambaya. Mai kuɗi ko mai mulki ya zagaye ɗaruruwan kadada da waya, a ciki har da dajin gari, da burtali, da tafkin da ƙauyuka uku suke sha, sannan ya kafa allo wai ba shiga. Duk abin da na faɗa a sama kan mallakar da aka same ta ta halal ne. Bukhari ya ruwaito cewa keɓe makiyaya haƙƙin Allah da ManzonSa ne, malamai suka fahimci cewa shugaba ne kaɗai zai keɓe, kuma don maslahar jama'a, kamar yadda Sayyidina Umar ya keɓe Rabza don dabbobin zakka. Wuraren da hukuma ta hana farauta a cikinsu don kare namun daji, irin Yankari a Bauchi da Falgore a Kano, suna shiga wannan babi, kuma bin dokar ya zama dole. Amma mutum ɗaya ya haɗiye abin jama'a don kansa, wannan ƙwace ne ko da yana da takarda. Duk da haka ba zan ce wa matashi ya yanke waya ya shiga ba. Wanda zai tantance wace gona ce ta halal wace ce ta ƙwace ba shi ne mai riƙe da gora a bakin shinge ba, domin ranar da aka buɗe wannan ƙofa kowane shinge zai zama na azzalumi a idon mai son shiga. A kai ƙara wajen hakimi, a je kotu, malamai su faɗa a mumbari, mu ma kada mu yi shiru don mai wayar yana cikin masu gina masallaci.

Abu na ƙarshe ya shafi rai. A halin da ake ciki na garkuwa da mutane da satar shanu, manomi ko makiyayi ya hangi baƙi da bindigar toka a cikin gonarsa da asuba, ba zomo ne zai fara zuwa masa a rai ba. Ihu ɗaya ya isa a taru, kuma taron da tsoro ya haɗa ba ya tsayawa tambaya. Kashe mutum a kan zato babban laifi ne da ba abin da zai wanke shi, kuma kutse a gona ba ya halatta jinin kowa. Amma shugabannin ƙungiyoyin mafarauta su sani amanar yaran da suke kwasa a mota tana wuyansu. Kafin a fita a tura mutum biyu wajen mai gari, a faɗi rana, a faɗi adadin masu zuwa, a tambayi gonakin da ba a so a taka, a karɓi lambar wayar wanda za a kira idan wani abu ya faru, in da hali a nemi ɗan gari ɗaya ya yi rakiya. In mai gari ya ce bana ba dama, a juya mota a nufi wani dajin.

Wallahu a'alam.